Ta yaya zan gane shekarun wayarin ɗin tsohon gidanmu?

Ɗan Yakasai:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san aikin wuta sosai ya ba ni haske, musamman dattawan da suka ja waya tun zamanin da.

Gidanmu na gado yana cikin gari. Gabansa, wato zaure da turakar marigayi mahaifinmu da ɗakuna biyu, ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, daga baya aka ɗora kwano aka buga silin. Bayan gidan ginin bulo ne, ɗaki uku da kicin, an ƙara shi lokacin Abacha. Yanzu ƙanena zai yi aure bayan Babbar Sallah, magada sun yarda a gyara masa ɓangaren gaba ya zauna da amaryarsa, kuma ni aka ɗora wa aikin.

Wuta ce ta tsaya min. Na kira masu gyara biyu. Na farko ko tsani bai taka ba, ya ɗaga kai ya kalli bango ya ce wayar nan ta haura shekara sittin, a tuge ta kakaf, ya rubuto min lissafin da zai cinye kuɗin fenti da na tayil. Na biyu ya ce kada in kuskura in taɓa ta, wayar da ce, babu irinta a kasuwa yanzu, soket kawai za a sauya. Amma da ya kwance makunni ɗaya ya ga ƙarfen ciki fari, sai ya juya baki ya ce ashe alminiyam ce.

Ga abin da idona ya gani. A gaba, wayar a fili take bin bango, faffaɗa ce mai ruwan toka, an riƙe ta da wasu 'yan ƙarafa masu lanƙwasa da aka kafe da ƙusa. Cikinta ja da baƙi, kowanne sili bakwai, farare. Makunnan zaure da na turaka zagayayyu ne masu ruwan ƙasa, kowanne a kan ɗan katako. Soket ɗin ɗakunan masu ramuka uku ne zagayayyu ƙanana, sai mun sa adafta muke cajin waya. A makunnin ɗaki ɗaya akwai wani koren abu mai maiƙo da ke tsattsafowa. Akwatin fis na ƙarfe ne mai nauyi, fis ɗin na tangaran. An sa mana mita mai kati, amma tsohuwar mai faifai tana nan rataye a zaure, ba a jone ba.

Na tambayi Hajiyarmu, ta ce ita dai da aka kawo ta gidan, shekarar da aka kashe Murtala, ta tarar da wuta har da fanka a turaka. Kawunmu ya ce yana ganin an jawo wutar kafin a sauya hannun tuƙi, amma a lokacin yaro ne, ba zai yi rantsuwa ba.

Shin ana iya gane shekarun waya da ido? Kuma shekara nawa za ta kai a ce lallai sai an cire ta?

Na Kurna:

Malam, me za ka yi da shekarunta? Gidan da za a kawo amarya ne fa. Ka tuge komai, ka je France Road ka sayo sabuwa, kowa ya huta. Kuɗin waya bai kai kuɗin gobara ba, Allah ya kiyaye. Ni namu haka muka yi, mun tono bango mun binne komai, yanzu ko waya ɗaya ba ka gani.

Baba Mai Filaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa a yi biki lafiya. Jikana ne ke rubutawa ni ina faɗa, don haka a yi haƙuri idan ta yi tsawo. Na fara koyon jan waya a hannun wani ɗan kwangila a Sabon Gari tun ana kashe fam da sule, kuma irin gidan da ka kwatanta na shiga ba adadi.

Abu na farko, duk wanda ya kalli bango ya yanke maka shekara ɗaya, cika baki ya yi. Abin da ake iya yi shi ne a ce tsakanin shekara kaza da kaza. Sannan gidan cikin gari ba shi da waya mai shekaru ɗaya. Duk auren da aka yi an ƙara ɗaki, duk ɗakin da aka ƙara an jawo masa wuta daga na kusa da shi. Don haka ɗaki-ɗaki za ka bi.

Ka fara da rigar waya. Wadda ta fi tsufa ita ce mai rigar dalma, nauyi gare ta, kana lanƙwasa ta tana zama yadda ka bar ta. Ita na fi gani a tsofaffin gidajen Turawa na Nassarawa da kwatas ɗin reluwe. Wuta ta shigo Kano tun wajen 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma a lokacin ta fada ce da ofisoshi da gidajen manya, talaka sai can daga baya. Bayan mai dalma sai mai roba da aka saƙa wa zare a kai, sai baƙar roba irin ta tayar mota. Waɗannan su aka yi ta ja har cikin shekarun 1950 da farkon 1960. Daga nan rigar filastik da ake kira PVC ta kore su, kuma taka mai ruwan tokar nan PVC ce. To ka ga mai gyaranka na farko bai yi nisa da gaskiya ba a lissafi, sai dai bai san abin da yake kallo ba.

Na biyun ma bai sani ba. Farin ƙarfe mai sili bakwai ba alminiyam ba ne, tagulla ce aka shafe da kuza. Dalilin shafen, robar da tana da farar wuta a cikinta, tana cin tagulla, sai aka riƙa rufe ta. Da PVC ta zo ba a daina nan take ba. Mu a bakin aiki, wajen faɗin kaurin waya, ba ma cewa 2.5 ko 1.5 kamar yaran yanzu. Ta soket muna kiranta 7/029, wato sili bakwai, ta fitila kuma 3/029 ko 1/044, duk awon inci ne na Ingila. Wajen 1970 Ingila ta koma awon milimita, sai 2.5 ta fito da sili ɗaya tal mai kauri, ja, babu shafe. Ka kashe wuta daga babban makunni, ka zare fis, ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan ja ya leƙo daga ƙasa, magana ta ƙare.

Amma ka sa wannan a ranka: kayan wuta a jirgin ruwa suke zuwa Ikko, su hau jirgin ƙasa zuwa Kano, su kwanta a sito. Abin da aka daina yi a can, mu nan muna iya jan sa bayan shekara uku ko huɗu. Kullum idan na kimanta sai na ƙara wannan.

Koren maiƙon nan shi ne shaidar da ta fi min daɗi. Man da ake gauraya PVC da shi don ta yi laushi ne yake narkewa, ya haɗu da tagulla ya zama kore. An san shi da wayoyin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kuma zafi ke ingizo shi waje. Kada ka taɓa shi da hannu tsirara, kada ya shiga ido. Inda ya fito, sau da yawa akwai sukurun da ya saki yana ɗumama wayar.

Soket mai zagayayyun ramuka ƙanana na amfiya 5 ne, tsohon yayi. Mai ramuka masu kusurwa na amfiya 13 ya fito a Ingila tun 1947, amma nan an daɗe ana haɗa su biyun. Sai dai kada mutum ya ga zagayayyen rami ya ce tsohon gida ne, domin babban mai amfiya 15 har gobe shi ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan ƙarafan da ke riƙe da wayar ma na zamanin ne, kafin zuwan farin kilif na roba mai ƙusa a jiki. Launi kuwa kada ka dogara da shi. Ja da baƙi muka tarar, ja da baƙi ake sayarwa yau. Abin da launi zai gaya maka kawai, idan ka ga wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, kore zalla ba ratsin rawaya, to ta tsufa.

Tsohuwar mitar nan da kuka bari a zaure, ka goge gilashinta ka haska fitila. Yawanci akwai shekarar ƙira a jikin farantin. Idan ka ga ECN, wato hukumar wuta ta da, kafin 1972 ne, don a shekarar aka haɗa ECN da hukumar madatsar Neja aka yi NEPA. Mita tana faɗa maka lokacin da wuta ta shigo ko lokacin da aka sauya ta, ba lallai lokacin da aka ja kowace waya ba, amma tana taimakawa.

Idan na haɗa duka, zan ce ruwan tokar nan an ja ta tsakanin 1966 da 1974. Kawunku bai yi ƙarya ba, an sauya hannu a Afrilun 1972, Hajiya kuma ta zo 1976.

Abu ɗaya ne bai kwanta min ba. Zagayayyen makunni a kan katako ya girmi ruwan tokar nan a yayi. Ko dai mai aikin ya yi amfani da ragowar kaya, ko kuma akwai wata waya da ta riga ta, aka zo aka sabunta ta bango aka ƙyale ta sama. Ka sa a ɗaga silin ɗin turaka a leƙa. Wanda zai hau ya taka katako kawai, tsohon silin ba ya ɗaukar mutum.

Ɗan Yakasai:

Allah ya ƙara girma Baba, ya saka da alheri, shi ma jikan Allah ya yi masa albarka.

Na yi yadda ka ce. Mitar an rubuta ECN, kuma akwai 1968 a ƙasan lambarta. Na kankare silin wayar, ja ne a ciki. Har na kira mai gyara na biyun na nuna masa, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa gani ba.

Zarginka kuma ya tabbata. A saman turaka, wayar da ta tafi fitila da fanka baƙa ce, ba ruwan toka ba. An haɗa ta da ruwan tokar a kusurwa, an murɗe an naɗe da wani tsumma mai danƙo da ya bushe. Yaron da ya hau ya ɗan taɓa ta da sanda, sai rigar ta fara zubowa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, har ana hango ƙarfe a wuri biyu. Na hana a mayar da fis ɗin ɓangaren.

Tunda wuƙar na hannuna, sai na bi ta baya ma. Wayar ginin bulon sili ɗaya ce ja har ciki, lafiya lau a ido. Amma akwai layin da aka ja wa firizar Hajiya shekarun baya kaɗan, daga soket ɗin kicin. Shi ja ne a waje, ina kankarewa sai ga fari, kuma bayan soket ɗin ya yi baƙi. Wato akasin ta gaba ke nan. Wannan fa, Baba?

Uwar Biyu:

Sannu da ƙoƙari Yaya. Ni ba mai aikin wuta ba ce, amma bari in sa baki ta ɓangaren mata, don na ga duk kuna ta lissafin shekarun waya, babu wanda ya tambayi abin da za a jona mata.

Hajiya da aka kawo ta, me ta zo da shi mai cin wuta? Wataƙila rediyo da dutsen guga, shi ma dutsen wata na gawayi ne. Amaryar yanzu kuwa ka jira ranar jere ka gani: firji, firiza, butar lantarki, injin markaɗe, tukunyar shinkafa, hita ta ruwan wanka, talabijin, wata har da injin wanki da abin gashi. Ango kuma bazara na yi zai ce sai na'urar sanyaya ɗaki. Duk wannan a kan soket ɗin da kake cewa sai da adafta ake cajin waya. Ka tura matarka ko wata ƙanwarku ta tambayi dangin amarya a hankali abin da suka saya, kafin mai aiki ya yanke yawan soket. Ba abin kunya ba ne, sun ma fi son a tambaya, don babu uwar da ke son a ƙona mata kayan 'ya.

Maganar Na Kurna ta a sayo sabuwa kowa ya huta, ni ban yarda da ita haka kawai ba. Gidan da muke haya ko shekara goma bai yi da ginawa ba. Wani dare aka kawo wuta muna barci, ƙaurin roba ne ya tashe ni, na tarar soket ɗin bayan firiza ya narke yana ɗiga. Da aka fasa wurin, irin wayar da ka gani ce, ja a waje fari a ciki, siririya, kuma ko bututu ba a sa mata ba, a cikin filasta aka binne ta tsirara. Gidan iyayena a Gwammaja ya ninka wannan shekaru sau huɗu, ban taɓa jin ƙauri a cikinsa ba.

Sannan idan kun binne sabuwar a bango, don Allah a nuna wa 'yan jere inda ta bi. Mata ne za su zo da mai buga labule da ƙusoshi, duk inda ya yi musu kyau nan za a kafa. Ko da alli ne a zana musu.

Injiniya Hotoro:

Baba ya gama magana a kan shekaru, ban da abin ƙarawa sai kaɗan. Inda zan ɗan saɓa, cikin ladabi, shi ne kada Malam ya fita daga nan da tunanin cewa tunda ruwan tokar tagulla ce ta gaske, shi ke nan an bar ta. Ido yana faɗar zamani, ba ya faɗar lafiya. Lafiyar waya auna ta ake yi.

Akwai na'urar da ake kira mega. Tana tura bolt 500 cikin layin da aka kashe, ta auna yadda rigar ke riƙe wuta. Ƙa'idar da muke bi, kada ya gaza megohm 1, sabon aiki mai kyau kuwa yakan ba da ɗaruruwa. Kafin a gwada a cire talabijin da inbata da ƙwayayen fitila da duk abin da ke jone, in ba haka ba za a ƙona su. A auna kowane layi daban, a rubuta. Mai gyaran da ya zo da tasta da filaya kaɗai ba zai iya wannan ba. Ka nemi wanda ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba irin wannan aiki, ka ce ya zo da mega ka gani da idonka.

Dalilin da ya sa shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci shi ne zafi. PVC ta gida an yi ta ne ta jure har digiri 70 a jikin ƙarfen. Wadda ta bi bangon ƙasa mai sanyi tana ɗauke da ƙwai biyu da fanka, za ta iya shekara hamsin tana lanƙwasuwa. Wadda ta kwanta ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ga rana ga lodi, tana iya bushewa a rabin haka. Ɓera kuma ba ruwansa da shekarar ƙira.

Lissafin Uwar Biyu a lamba ga shi. Wutarmu bolt 230 ce. Soket mai amfiya 5 iyakarsa wat 1,150. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Ƙwan da na wat 60 da aka yi wayarin ɗin dominsa ko rabin amfiya ba ya ja. Ko da 7/029 ɗin za ta iya ɗauka, don kaurinta ya ɗan fi na 2.5, soket ɗin da mahaɗan ba za su iya ba.

Abubuwa uku ne ba na jayayya a kansu. Baƙar robar turaka ta tafi, duka, ba faci. Layin firiza ya tafi yau ba gobe ba. Alminiyam ce aka yi wa shafen tagulla, ba ta ɗaukar abin da tagulla mai kaurinta ke ɗauka, kuma tana saki a ƙarƙashin sukuru, shi ne baƙin da ka gani. Na uku akwatin fis. Ka zaro kowanne ka duba abin da ke ciki. Na sha tarar da silin waya ninki uku a inda ya kamata a ga siririyar wayar fis ta amfiya 5, wani har ƙusa. A irin wannan, wayar gidan ce za ta ƙone kafin fis ɗin. Kuma kada a hure ƙurar cikinsa da baki, wasu tsofaffin suna da shimfiɗar asbesto, wadda ƙurarta ke cutar da huhu. A sa allon bireka, da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30. Ita ke ceton rai idan wuta ta kama mutum, fis ba ya wannan aikin.

Ina kuma kyautata zaton layin fitilun gaba ba shi da wayar ƙasa, don ko a Ingila sai 1966 aka wajabta ta a layin fitila. A duba ko akwai sandar ƙasa ma a gidan, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a jona masa wayar ƙasa. Idan akwai, bayan shekaru hamsin wataƙila tsatsa ta cinye mahaɗinta.

A kan launi, ƙari ɗaya: Ingila ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, don haka idan ka ga su a bango aikin bai daɗe ba. Sabbin wayoyi na kamfanonin kirki kuma suna da rubutu a jiki, sunan kamfani da kauri da lambar NIS ta shaidar inganci, wasu har da shekara. Mita da hatiminta na kamfanin wuta KEDCO ne, kada mai aikinka ya taɓa. Daga bayanta zuwa ciki nauyinku ne.

Baba Mai Filaya:

Injiniya, ai ban ce a bar ta ba a auna ba. Mega muna da ita tun kafin a haife ka, tamu ma da hannu ake juya ta. Amma na yarda da ukun nan naka, har da na'urar yanke wutar, wadda mu a zamaninmu ba mu sa wa gidajen cikin gari ba.

Ɗana, baƙar robar nan ita ce wayar farko ta turaka. Da alama mai aikin 1968 ɗin ko dai ya tarar da ita, an jawo daga maƙwabta kafin ku sami mitarku, ko ya ƙarasa da ragowar naɗi da ya kwana a sito. Ko wanne ne, roba ba ta wuce shekara talatin da lafiya, wannan ta ninka. Sau da yawa abin da ke hana irinta tashi shi ne babu mai motsa ta. Yanzu da masu silin da fenti za su hau, kowa ya ja ta nan ya ture ta can, lokacin ne take haɗuwa. A cire ta kafin kowane ma'aikaci ya shiga ɗakin.

Gwajin kuma, idan da hali a yi shi bayan an sha ruwan sama. Bangon ƙasa da rani ƙashi ne, komai zai nuna lafiya. Da damina yake shan ruwa, a lokacin ne za ka ji yara na cewa bango yana ja. Sandar ƙasa ma haka, sai dai ita da rani ake gane gaskiyarta, lokacin da ƙasa ta bushe.

Ni da gidana ne, ga yadda zan yi. Ɓangaren amarya a ja masa sababbin layuka tun daga allo, kicin nasa daban, na'urar sanyi nata daban, 2.5 ga soket, 4 ga manyan kaya. Ruwan tokar, idan ta ci gwaji, a yanke bakin da ya yi kore, a sauya makunnan, a bar mata fitilun zaure da tsakar gida. Kuma kada ka bari a tona ginin ƙasa don a binne bututu. Shafen simintin nan shi ke riƙe da bangon, ka tsaga shi ruwa ya sami hanya. A bi ta sama da farin kwalin roba mai murfi, yana da tsabta, gobe idan ana son dubawa a buɗe.

Wajen sayen waya ka je da kanka, da wuƙarka a aljihu. Ka sa a yanko maka ɗan guntu daga naɗin da za ka biya, ba wanda ke kan tebur ba, ka kankare a gaban mai shago. Ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, tagulla ba ta da sauƙi a hannu.

Na Kurna:

To na ji, na sauka daga kan a tuge duka. Amma wadda za a cire ɗin fa kada ka bar wa yaran aiki. Tagullar da ce, 'yan jari bola da kilo suke saye, kuma suna rububinta.

Ɗan Yakasai:

Na gode muku duka. Na samu mai mega ta hannun wani abokin aikina, zai zo ranar Asabar. Layin firiza na riga na cire shi, an mayar da ita soket ɗin falo kafin a ja mata nata. Matata ta yi magana da gwaggon amarya, Uwar Biyu, kuma lissafinki bai cika ba, akwai har da injin yin ƙanƙara.

Tagullar kuwa, Na Kurna, kawu ya riga ka. Ya ce a auna ta a gaban kowa a rubuta, tunda gidan ba a raba shi ba tukuna. Baba, idan an yi gwajin zan kawo lambobin kowane layi ka duba min, kai da Injiniya.